Taron da Ba a Rufe Ba

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da sassafe

An buɗe gaban shago. Baya yana nan a rufe sai masu gyaran bututun hayaƙi sun gama. Na wanke labulaye, ƙaurin ya ƙi fita, na cusa su a kwandon shara. Masu sayen gahawa suna shigowa suna ɗaga hanci, sai su dube ni su ce an auna arziki. In ce haka ne, in auna musu tasu, in ƙulle.

Ba zan rubuta batun Talata ba. 'Yan kwana-kwana sun rubuta nasu, ya wadatar.

Herr Tjaden, wanda yake taya Baba suyar gahawa tun ina firamare, yana gida da hannun dama a naɗe. Baba ya sauko da wuri kamar kullum, ya sa rigar aikinsa, ya tsaya a bakin ɗakin suya ya ja numfashi. Ya ce, "Wiebke, kin gani? Fes, kamar ba a yi ba." Ni kuwa idona ruwa yake yi don ƙauri. Na ce e.

Yau akwai aji. Gwaggo Almut, ƙanwar Baba, ita ta sa sunana tun farkon shekara a ajin yamma na masu koyon kafa kamfani da tafiyar da shi. A lokacin na ɗauka tsokanar yayanta kawai take yi, don aikinsu ke nan tun kafin a haife ni.

Alhamis, da yamma, bayan aji

Malamarmu, Frau Rademacher, ta zana mutum a allo, ba kai, ta rubuta "kamfani" a ƙirjinsa. Ta ce a idon doka wannan mutum ne. Yana da suna, yana da adireshi, yana saye da sayarwa, ana kai shi ƙara. Wanda ya kafa shi zai tsufa ya mutu, shi yana nan.

Ercan, mai zama kusa da ni, wanda yake son buɗe shagon aski, ya ɗaga hannu. "To, Frau Rademacher, ku turo mini shi mana in yi masa aski, ko na samu na fari."

"Ina kan da za ku aske, Herr Bulut? Ba shi da kai. Shi ya sa ake naɗa masa manaja. Kan manaja yake ara, da hannunsa, da idonsa, da hancinsa. In na aron ya lalace, kamfani bai san ya lalace ba."

Na rubuta kai da hannu da ido. Sai bironta ya ƙare, na ara mata nawa, ban ƙarasa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, tsakar rana

Ruwan sama. An gama gyaran bututu. Baba ya kunna inji.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan abincin rana

Na sauko hawan benen da Baba yake muka ci tare, kamar kowace Lahadi. Madarar da ya zuba a shayinsa ta tsinke, ina kallonta tana yawo a kofi. Ya sha rabi yana ba ni labarin wani jirgin gahawa da ya makara. Na ɗauke kwalin na zubar, bai tambaya ba.

Na ce, "Baba, mu yi maganar Talata."

"Ƙaiƙayin gahawa ne ya kama da wuta a bututu. Ana yi."

"Kana cikin ɗakin, Baba. Herr Tjaden daga tsakar gida ya jiwo ƙaurin."

Ya ajiye cokali mai yatsu. "Yanzu wa ke magana, 'yata ko mai hannun jari? In 'yata ce, miƙo mini dankali. In mai hannun jari ce, taro sai Nuwamba."

Na miƙa masa dankali.

Taron nan kuwa al'adar Kaka ce, wanda ya kafa kamfanin. Sau ɗaya a shekara mu uku muke zama a kan wannan teburin, ni da Baba da Gwaggo. Baba ya ɗaura nektai, ya buga ƙaramin cokalin azurfa a jikin kofi, shi ke nan zumunci ya tashi. Ba "kai", ba "ke", sai "ku", kamar baƙi a ofis. Shi Herr Bohlken, Gwaggo Frau Ahlers, ni Frau Bohlken, wato malam wane da malama wance. Ba mai tashi daga kujera sai an rufe. In an gama ya sake buga cokali ya ce, "Wiebke, ɗora ruwa," a yanka kek mai man shanu, su koma faɗansu. Tun rasuwar Mama nake zama a kujerarta, in ya ɗaga hannu in ɗaga. Wasan kwaikwayo na ɗauke shi, kek ɗin nake jira.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Na kai wa Herr Tjaden miya. Yana zaune gaban talabijin, hannun a kan matashi.

"Kin zo duba gasasshen nama?"

"Yaya jikinku?"

"Jiki da sauƙi. Ya kunna, ko?"

Na ce ya kunna.

"To ki ji, yarinya. Shekarun da na yi da tsohon nan ko matata ban yi da ita ba, kuma ba zan faɗi laifinsa a gaban kowa ba. Amma muddin hannunsa na kan makunnin gas, ƙafata ba za ta taka ɗakin nan ba. Hannu ɗaya ya rage mini, ina sonsa. Bangonku ɗaya da masu 'yan biyun nan, kin manta?"

Ban manta ba. Ta bangon ɗakina nake jin kukansu.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da yamma

Darasin yau: mai kamfani daban, manaja daban, ko da mutum ɗaya ne ya haɗa hulunan biyu. Masu hannun jari su ke naɗa manaja, su ke sauke shi. Manaja shi ke cewa wa zai taɓa me a wurin aiki, kuma ba mai hana shi sai taro. A taro kuwa ba a ƙirga kawuna, hannun jari ake dubawa.

An ce kowa ya zana rabon kamfanin da ya sani. Na raba da'ira gida biyar. Biyu na Baba, biyu na Gwaggo, ɗaya nawa, wanda Mama ta bar mini.

Ercan ya leƙo. "Kai, kai, kai! Ashe da sarauniya nake zama ban sani ba."

"Wace sarauniya? Ni ce ƙarama a ciki."

"Ke dai ba ki da wayo. In waɗannan biyun suka saɓa, wa ke yanke hukunci? Ranki ya daɗe, in kin hau mulki kada ki manta da talakanki."

Na yi dariya don ya ƙyale ni. Shekara da shekaru ina ɗaga hannu a teburin nan, ban taɓa lura yana da nauyi ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, bayan an rufe shago

Gwaggo ta zo da lemarta tana ɗiga a kan dandamalin da na goge.

"Sun kai ku darasin, ko ba su kai ba?"

"Wanne?"

"Kada ki raina mini hankali, Wiebke. Na karanta tsarin karatun kafin in sa ki."

Ashe tun bara ta lura hancin Baba ya daina aiki. A jana'izar wani abokinsu, ta ce, ya yaba ƙamshin furannin roba. Ta yi shiru ta jira, don ta san in daga bakinta maganar ta fito, zai ce kujerarsa take so tun suna yara.

"Ni na tsufa, ba na son kujerar kowa. Ke za a naɗa."

"Ni awo na iya, Gwaggo."

"To me kike zuwa yi ajin, kitso?"

Na ce zai daina yi mini magana. Ta ce yayanta Garrelt bai iya shiru ba, ko a coci. Ta ɗauki laba guda ta gahawa ba ta tambaya ba ta tafi.

Litinin, 17 ga Fabrairu, tsakar rana

Suyar da Baba ya yi da safe ta wuce kima, ta ƙone. Na ware ta gefe, na ce masa odar ta ragu.

Talata, 18 ga Fabrairu, da sassafe

Yanzu in ya kunna inji sai in bar ƙofar tsakani a buɗe, ina awo ina shaƙar iska kamar karen farauta. Jiya ya kama ni.

"Me kike sunsuna?"

"Ba komai."

"Ina da ido, Wiebke. Ina da kunne. Ƙwayar gahawa in ta nuna magana take yi, tas-tas, ni kuwa ko cikin barci zan ji ta. Kakanki da kunne ya koya mini."

Gaskiya ya faɗa, kunnensa ya fi nawa. Sai dai ƙaiƙayi in ya kama a bututu ba ya magana. Wannan shi ne kusa da kusa da muka taɓa zuwa ga maganar hancinsa, kuma ba wanda ya ƙara taku. Tsoro nake ji, na rubuta don ya zama na faɗa wa wani.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da yamma

An yi mana yadda ake kiran taro. Ba dole sai manaja ya ga dama ba, mai ƙaramin kaso ma yana iya nema. A rubuce ake yi, da abin da za a tattauna, a aika ta gidan waya da rajista, a ba mutane lokaci.

Da aka tashi na tsaya. Na ce, "Frau Rademacher, a misali, in manajan da za a sauke ɗan'uwan mutum ne na jini fa?"

Tana goge allo, ba ta juyo ba. "A misali, ƙuri'a ɗaya ce da ta kowa."

"Bayan ƙuri'ar nake nufi."

"Bayanta ba ya cikin manhajata, Frau Bohlken. Da na sani da na koyar." Ta goge mutumin nan marar kai, wanda ya kwana biyu a kusurwar allo.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Jiya na kai takardar gidan waya. Yau mai raba wasiƙu ya shigo shago yana juya ta a hannu, ya duba sunan mai aikawa, ya duba na mai karɓa, ya dube ni.

"Wannan ai gida ɗaya ne. Matattakalar ce ta karye?"

Na ce ya hau dai, ƙofar farko. Na ji Baba ya buɗe, na ji ya ce a ba shi biro.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, bayan abincin rana

Ya dafa kabeji da tsiran alade, gishiri ya yi yawa. Bai ta da maganar ba. Ya ce, "Ƙara mana, kin rame." Ya ce, "Takalminki yana shan ruwa, ki kai gyara." Ya ce, "Ke da uwarki, taurin kai ɗaya."

Na kama kaina ina sauraron "ke" ɗin, abin da ban taɓa ji ba don yawansa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da yamma

Uwar 'yan biyu ta tare ni a bakin ƙofa, ta tambaya ko an gano abin da ya jawo na rannan. Na ce ana kan gyara.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, da sassafe

Ya goge cokalin azurfa. Na gan shi a kan teburinsa yana ƙyalli.

Lahadi, 2 ga Maris, da hantsi

Jiya aka yi. Zan rubuta yadda ya gudana, kamar yadda aka koya mana rubuta bayanin taro.

Gwaggo ta zo da kek ɗinta a tire, ta ce bai gama nuna ba, ta zura shi a tandun Baba. Baba ya fito da nektai mai ruwan toka, ya zauna, ya buga cokali.

"An buɗe taro. Frau Ahlers tana nan, Frau Bohlken tana nan. Batu ɗaya ne a gabanmu, sauke manaja da naɗa wani. Frau Bohlken, ku kuka kira. Dalilinku?"

Na faɗa. Bai fi numfashi ɗaya ba, kuma ba zan maimaita a nan ba. Na ƙara da cewa ba korarsa ake yi ba, hannun jarinsa yana nan, kunnensa da idonsa kamfani yana bukata, makunnin gas kawai zai bari.

Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya ba kansa izinin magana. Ya yi bayanin injin, da shekarun da ya yi a kansa, da yadda gobarar bututu take faruwa a gidajen suya da suka fi namu girma. Ya yi magana da kyau, ban taɓa jin ya tsara zance haka ba. Ya ce zargi ne ba shaida, kuma kamfani ba ya sauke mutum a kan zargi.

Yana cikin wannan na fara ji. Da fari ƙamshin man shanu ne da ya yi duhu, daga baya ya zama ƙauri sosai. Na dubi Gwaggo, tana kallon farcenta. Ba mai tashi sai an rufe taro, dokar Kaka ce, kuma Baba ya juya wa ƙofar kicin baya. Ya ci gaba. Ya kawo misalin wani mai suya a Hamburg. Maƙogwarona ya fara kartawa, Gwaggo ta yi tari a hankali cikin hankici, shi kuwa yana kan batu na uku.

Na ɗaga hannu. "Herr Bohlken, ku ba ni izini in kashe tandu."

Ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa, sannan ya juya. Hayaƙi yana shigowa ta saman ƙofa, siriri, ya riga ya kwanta a silin. Na ga hancinsa ya motsa, ya ja iska sau ɗaya, ya sake ja.

Ya ce, "An ba ku izini."

Na kashe, na buɗe taga, na dawo na zauna. Bai koma kan batu na uku ba. Ya ce a kaɗa ƙuri'a. Masu goyon baya: Gwaggo ta ɗaga, ni ma na ɗaga. Masu adawa: ya ɗaga nasa shi kaɗai, ya riƙe shi a sama har ya rubuta da ɗaya hannun. Ya karanta sakamako da muryarsa ta kullum, ya taya sabuwar manaja murna. Sai ya tura cokalin gabana, ya tashi, ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita.

Gwaggo ta ce, "Buga mana ki rufe, ƙafata ta yi sanyi."

Na buga. A lokacin har ya kai ƙofar titi.

Ban tambayi Gwaggo ko mantawa ta yi da kek ɗin ba. Shekara arba'in tana gasa shi bai taɓa ƙonewa ba. Ba na son in sani, kuma yau ba na son ganinta.

Litinin, 3 ga Maris, da sassafe

Mun haɗu a matattakala.

"Ina kwana, Frau Bohlken."

"Baba, ai na rufe taron."

"Ban ji ba."

Mutumin da yake jin ƙwayar gahawa cikin barci.

Laraba, 5 ga Maris, tsakar rana

An kai sunana rajistar kamfanoni. Inji a kashe. Muna sayar da abin da ya rage.

Alhamis, 6 ga Maris, da yamma

Darasin ɗaukar ma'aikata da rabon aiki. Ercan ya ce fuskata kamar wadda aka yi wa aski da gatari, ya ba ni rabin burodinsa. Na rubuta komai, layi-layi.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan abincin rana

Na sauka kamar kullum. Ya shimfiɗa farin ƙyallen tebur, wanda ake fitarwa in an yi baƙi. "Ku zauna. Za ku ƙara dankali?" Ya yi mini hira a kan yanayi da farashin man dumama gida, da ladabi, ba fushi ko kaɗan. Da zai yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Gwaggo ta yi gaskiya, bai iya shiru ba.

Litinin, 10 ga Maris, da hantsi

Herr Tjaden ya dawo, an rage masa bandeji. Ya rataye hularsa ya dube ni sama da ƙasa.

"To, yanzu ke ce, ko ku ne?"

"Don Allah ku bar ni da ke ɗin. Ta yi mini ƙaranci."

Bai yi dariya ba. Ya ce in zo in riƙe masa buhu.

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

Ina kewar Baba. Hawa ɗaya ne tsakaninmu, ina jin tarinsa ta ƙasan ɗakina.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan an rufe shago

Yau ya sauko ɗakin suya, karo na farko. Ba rigar aiki, suwaita ya sa. Herr Tjaden yana kan makunni, ni ina bakin gangar suya da ludayin ɗiba. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Da izininku?" Na ce ya shigo.

Ya ja kujera nesa da makunnin ya zauna, ya sunkuyar da kai. Ganga tana ta juyawa. Can ya ɗaga yatsa. "Yanzu, Herr Tjaden." Aka juye. Ni ban ji komai ba sai da ta zubo tana tas-tas a faranti.

Da ta huce ya ɗebo a tafin hannu, ya duba launi, ya fasa ɗaya da farce. Ya kai kusa da fuskarsa yadda ya saba, sai ya tsaya a hanya. Ya miƙo hannun wajen fuskata.

"Me kuka ji, Frau Bohlken?"

Na shaƙa. Na ce ɓawon burodi, da soyayyar gyaɗa, da ɗan zaƙi a ƙarshe kamar zuma. Ya rufe ido yana ji, kamar mai sauraron labarin garinsu.

"Ba ɗaci?"

"Babu."

"To ta yi."

Cokalin yana aljihun rigar aikina tun ranar taro. Na fito da shi, na ɗauki kofin ɗanɗano na ajiye a gabansa, na buga da ƙarfi, yadda ko na kan titi zai ji. Herr Tjaden ya juya baya yana gyaran abin da bai lalace ba.

Baba ya dubi cokalin, ya daɗe. Ya ce, "Ku adana shi da kyau. Kayan kamfani ne."

Na mayar aljihu. Ya ce gobe zai sauko da wuri, in ba damuwa. Na ce ba damuwa.

An sayar da suyar yau duka kafin a rufe. Ruwa ya ɗauke. Na sayo sababbin labulaye, ban rataya ba tukuna.